Daga ɗakin shawara zuwa zauren majalisa: jagora ga ɗalibi mai koyon kamun ƙafa kan dokoki

A shekarar 1976 jihar Bajiniya ta zama ta farko a Amurka da ta yi dokar ba da lasisi ga masu aikin ba da shawara kan damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa. Kalifoniya ce ta zo ta ƙarshe cikin jihohi 50, a 2009. Shekara 33 ke nan tsakanin ta farko da ta ƙarshe. A kowace jiha sai da aka sami mutanen da suka yi ta sintiri a ofisoshin 'yan majalisa, suna bayani, ana ce musu su dawo baɗi, suna dawowa. Ɗalibin da yake karatun wannan sana'a a yau ya tarar da lasisi a shirye, yana iya zaton haka abin yake tun fil azal.

Doka ce take faɗin wanda zai iya kiran kansa mai ba da shawara, da yawan awannin da zai yi a ƙarƙashin kulawar wani kafin a sakar masa mara, da ko yana da hurumin tantance cuta, da ko inshora za ta biya shi idan ya yi aiki. Shi ya sa hukumar CACREP, wadda take tantance shirye-shiryen horar da masu ba da shawara tun 1981, ta sa fafutukar kare sana'ar da kare masu neman taimako cikin abin da dole a koyar. Kundin ɗa'ar aiki na Ƙungiyar Masu Ba da Shawara ta Amurka, wato ACA, wanda aka sabunta a 2014, ya ware sashe na A.7 ga wannan batu. Tun 2003 kuma ƙungiyar ta amince da wani tsari da ya raba fafutukar gida uku: wadda ake yi tare da mutum ɗaya, wadda ake yi a makaranta ko cikin al'umma, da wadda ake yi a fagen hukuma da siyasa. Wannan jagora a kan ta ukun take. Misalanta daga Amurka suke, domin can ne abin ya shiga manhaja sosai, amma matakan suna aiki duk inda ake da majalisa da kwamitoci.

Mataki na farko: fara da abin da idonka ya gani

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne zaɓen batu daga labarai. Sai mutum ya ce shi “lafiyar ƙwaƙwalwa” zai je ya yi magana a kai. Ɗan majalisa zai gyaɗa kai, ya ce lallai abu ne mai muhimmanci, a yi hoto, a watse. Ba a nemi komai a wurinsa ba, bai kuwa yi alƙawarin komai ba.

Shirin digiri na biyu da CACREP ta tantance yana sa ɗalibi ya yi aƙalla awa 100 na gwajin farko, sannan awa 600 na horon sanin makamar aiki. A cikin waɗannan awanni za ka ga inda tsari yake cutar mutane. Ka ware shafi a littafinka, duk lokacin da wani ya kasa samun taimako saboda wani dalili da ba nasa ba, ka rubuta dalilin kawai, ba suna, ba rana. Wata ta ƙaura zuwa wata jiha, dole ta rabu da mai ba ta shawara domin lasisinsa bai kai can ba. Wani inshorarsa ta ƙi biya. A wata makaranta mutum ɗaya ne yake kula da yara ɗaruruwa, alhali ƙungiyar masu ba da shawara a makarantu, ASCA, ta daɗe tana cewa kada ya wuce yara 250 ga kowane mutum ɗaya. Bayan wata biyu ko uku ka duba shafin. Dalilin da ya fi maimaituwa shi ne batunka.

Mataki na biyu: gano ƙofar da za ka ƙwanƙwasa

A nan ake ɓata lokaci mai yawa, kuma a ganina wannan mataki ya fi duk sauran buƙatar natsuwa. Matsalar da ka gani tana iya fitowa daga wurare huɗu daban-daban, kowanne da mai shi.

Tana iya zama doka ce da majalisa ta yi. Tana iya zama ƙa'ida ce da wata hukuma ta rubuta don aiwatar da dokar, kamar hukumar ba da lasisi ta jiha. Tana iya zama kasafin kuɗi: dokar tana nan lafiya lau, kuɗin aiwatar da ita ne ba a ware ba. Ko kuma tsarin cikin gida ne na asibiti ko makarantar da kake horo, wanda shugaban wurin zai iya sauyawa da takarda ɗaya ba tare da an je ko'ina ba. Idan ka kai wa sanata ƙorafin da shugaban makaranta ne yake da maganinsa, ka ɓata ranarka, ka kuma ɓata tasa.

A Amurka rabon a bayyane yake. Lasisi da iyakar abin da mai ba da shawara zai iya yi aikin jihohi ne. Medicare, inshorar lafiya ta tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama da wasu masu buƙata ta musamman, ta gwamnatin tarayya ce, don haka Majalisar Dokokin ƙasa a Washinton ce mai ita. Medicaid ta masu ƙaramin ƙarfi kuwa haɗin gwiwa ce, tarayya da jiha duk suna da ta cewa. Yawan masu ba da shawara a makarantu sau da yawa a hannun majalisar jiha da hukumar makarantun yanki yake. Hanya mafi sauƙi ta gane ƙofarka ita ce ka tambayi malamin da yake duba aikinka: “Wa ya rubuta wannan sharaɗin, a ina kuma yake a rubuce?” Idan bai sani ba, ka tambayi reshen ƙungiyar sana'ar na jiharka. Galibinsu suna da kwamitin da aikinsa ke nan.

Ga ɗalibin da yake farawa, majalisar jiha ta fi riba. Wakilin jiha mazaɓarsa ƙarama ce, hadimansa kaɗan ne, sau da yawa shi da kansa zai zauna da kai.

Mataki na uku: nemo ƙudirin, ka karanta shi da kanka

Kafin ka yi tunanin rubuta sabon ƙudiri, duba ko akwai wanda yake gaban majalisa. Kusan kullum akwai. Na tarayya suna shafin congress.gov, kowace jiha kuma tana da nata shafin. Abu biyar za ka fitar: lambar ƙudirin, wanda ya gabatar da shi, waɗanda suka sa hannu suna mara masa baya, kwamitin da aka tura shi, da matakin da ya tsaya.

Kwamitin ne wurin da ya kamata hankalinka ya tsaya. A kowane zangon majalisar tarayya, wanda shekara biyu ne, ana gabatar da ƙudirori fiye da 10,000, 'yan ɗaruruwa ne kawai suke zama doka. Mafi yawan sauran ba a kayar da su a zaure ba. A kwamiti suke kwana, shugaban kwamitin bai sa su cikin jadawali ba har zango ya ƙare. Da zarar zango ya ƙare, ƙudirin ya mutu, sai an sake gabatar da shi da sabuwar lamba.

Labarin Medicare ya isa darasi. A 1989 aka faɗaɗa jerin masu aikin lafiyar ƙwaƙwalwa da inshorar take biya, aka sa masana halayyar ɗan Adam da ma'aikatan jin daɗin jama'a na asibiti, aka bar masu ba da shawara a waje. Haka aka zauna fiye da shekara 30. Mutum zai yi shekaru yana ganin mai ba shi shawara, ranar da ya cika 65 ya koma Medicare sai a ce masa ya biya daga aljihunsa ko ya nemi wani. An yi ta gabatar da ƙudirin gyara, zango bayan zango. A 2021 ya dawo da lamba H.R. 432 a Majalisar Wakilai, ta hannun Mike Thompson na Kalifoniya da John Katko na Niyok, da lamba S. 828 a Majalisar Dattawa, ta hannun John Barrasso na Wayomin da Debbie Stabenow ta Mishigan. Lura da cewa a kowane zaure ɗan Dimokurat ɗaya ne da ɗan Rifablikan ɗaya. A ƙarshe ma ƙudirin bai wuce shi kaɗai ba. An cusa shi cikin babbar dokar kasafin kuɗi da Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu ranar 29 ga Disamba, 2022, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2024. Ko a haka, abin da ake biyan mai ba da shawara kashi 75 cikin 100 ne na abin da ake biyan masanin halayya.

Abin da ɗalibi zai ɗauka a nan: ƙaramin ƙudiri sau da yawa a bayan babba yake hawa ya tsallake, kuma yawan masu sa hannu daga jam'iyyu biyu ne yake sa shugabanni su yarda su ɗora shi. Saboda haka ɗalibin da ya shawo kan wakili guda ya sa hannu ya yi aiki na gaske, ko da ba a jefa ƙuri'a a shekarar ba.

Ka kuma san kalanda. Majalisar jihar Teksas sau ɗaya take zaman dole a shekara biyu, na kwana 140. Montana da Nebada da Dakota ta Arewa su ma duk shekara biyu suke zama. Nebraska zaure ɗaya gare ta. Wanda ya je ofis mako guda bayan an rufe karɓar ƙudirori, sai dai a yi masa ladabi a sallame shi.

Sai batun kuɗi. Duk ƙudirin da zai taɓa baitulmali, akwai ofishin da yake lissafa abin da zai ci. A tarayya ofishin CBO ne, jihohi kuma suna da nasu takardun ƙiyasi. Ka nemi wannan lissafin ka karanta, domin ita ce tambayar farko da za a yi maka.

Mataki na huɗu: san wanda za ka gani

Fara da wakilin mazaɓarka. Ofisoshin majalisa suna tambayar adireshi tun kafin su ba da lokaci, kuma wanda yake da ƙuri'a a yankin shi ake fara saurara. Idan kana karatu a wani gari amma rajistar zaɓenka tana wani, kana da ƙofa biyu.

Rabin awa ya isa ka san kwamitocin da yake ciki, yadda ya jefa ƙuri'a kan ƙudirori makamantan naka, da abin da yake yawan magana a kai. Wanda hankalinsa yake kan tsofaffin sojoji, ta nan za ka shigar masa. Wanda mazaɓarsa karkara ce, ka yi masa maganar nisan da mutane suke tafiya kafin su ga likita. Babu yaudara a wannan, matuƙar duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Zaɓen wanda zai fi shiga kunnensa cikin dalilanka na gaskiya kawai kake yi.

Mataki na biyar: sirrin mutane

Abin da ya fi komai tasiri a hannunka labarin mutum ne, shi ne kuma ya fi komai haɗari. Sashe na A.7.b na kundin ɗa'ar ACA ya ce sai mai ba da shawara ya sami izinin mutum kafin ya yi fafutuka a madadinsa ta yadda za a iya gane shi. Cire suna kaɗai ba ya wadatarwa. A ƙaramin gari, idan ka ce “wata malamar makaranta mai 'ya'ya uku da mijinta ya rasu bara”, ka faɗi sunanta ke nan, kuma ba ka san ko hadimin da yake rubutu a gabanka maƙwabcinta ba ne.

Ko izinin ma a yi hattara da shi. Wanda kake taimaka wa yana jin nauyinka. Idan ka ce masa “ka yarda in ba da labarinka?”, yana iya cewa to don kada ya ɓata maka rai, ko don tsoron kada kulawar da yake samu ta ragu. Ni shawarata ga ɗalibi ita ce kada ma ya nemi wannan izinin a lokacin horo. Akwai hanyoyi uku da suka fi tsafta. Ka faɗi abin da kake gani yana maimaituwa: “A wurin da nake horo, mutane sukan jira watanni kafin a gan su.” Ko ka haɗa siffofi daga mutane da yawa, ka kuma bayyana wa mai sauraro cewa haɗawa ka yi. Ko ka ba da naka labarin, idan kana da shi kuma ka shirya jin sa a bakin wasu, domin abin da aka faɗa a zaman jin bahasi yana shiga kundin majalisa, sau da yawa har da bidiyo a intanet, ba ya goguwa.

Duk wanda ka zaɓa, ka nuna wa malamin da yake duba aikinka a rubuce kafin ka fita da shi.

Akwai kuma tambayar da sunan wa kake magana. Kana iya cewa kai ɗalibi ne a jami'a kaza, amma ka ƙara da cewa ra'ayinka ne na kanka. Kada ka yi amfani da takarda mai tambarin jami'a ko na wurin horonka sai da izini. Jami'o'in gwamnati da ƙungiyoyin agaji suna da dokokin da suka taƙaita musu kamun ƙafa, kana iya jefa su cikin matsala ba ka sani ba. Da imel ɗinka na kanka za ka yi wannan aiki.

Mataki na shida: shafi ɗaya da minti biyu

Takardar da za ka bari a ofis kada ta wuce shafi ɗaya. A sama lambar ƙudirin da abin da kake so a yi. A tsakiya matsalar cikin jimla uku ko huɗu, da alƙaluma biyu ko uku waɗanda ka san inda ka samo su, zai fi kyau idan na mazaɓar ne. Hukumar HRSA ta tarayya, mai kula da samar da ma'aikata da ayyukan lafiya, tana wallafa yankunan da suke fama da ƙarancin ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa, kana iya duba ko mazaɓar tana ciki. A ƙasa sunanka da lambar wayarka. Kalmomin aji ka bar su a aji. Wanda zai karanta takardar yana iya kasa bambance mai ba da shawara da likitan ƙwaƙwalwa, don haka ka sa layi ɗaya da yake faɗin irin horon da kuke yi: digiri na biyu, dubban awanni a ƙarƙashin kulawa, jarrabawar ƙasa, sannan lasisi.

Maganar baki kuma ga yadda za ta iya kasancewa, a matsayin misali:

“Barka da aiki, Sanata, na gode da lokacinka. Ni mazauniyar mazaɓarka ce, ina shekara ta biyu a karatun ba da shawara. A inda nake horo, nakan ga mutanen da suke yanke zuwa a tsakiyar jinya saboda sun ƙaura zuwa jihar da take maƙwabtaka da mu, lasisinmu kuma ba ya aiki a can. Ƙudiri mai lamba kaza zai gyara wannan. Yana gaban kwamitin lafiya, wanda kake ciki. Na zo ne in roƙe ka ka sa hannu a kansa. Za ka iya?”

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ɗalibai suke haɗiyewa. An horar da su kada su matsa wa mutum, kada su ɗora masa ra'ayinsu, sai su zo nan su yi ta kewaye-kewaye har lokaci ya ƙare. A ɗakin shawara wannan ladabi ne. A ofishin ɗan majalisa kuwa an saba a tambaye shi kai tsaye, idan ba ka tambaya ba sai ya ɗauka gaisuwa ka zo.

Misalin ƙaura da yake cikin maganar bakin da aka kawo a sama ba ƙage ba ne. Irin wannan ƙorafi ne ya haifar da yarjejeniyar jihohi da ake kira Counseling Compact, wadda take ba mai lasisi a jiha ɗaya damar neman izinin aiki a sauran jihohin da suka shiga. Jojiya ce ta fara amincewa a 2021. An sharɗanta sai jihohi 10 sun shiga kafin ta tsaya da ƙafarta, Nebraska ta cike gurbin na goma a 2022. Kowace jiha sai da aka bi majalisarta daban.

Ka gwada maganarka da agogo, a gaban abokin karatu wanda zai yi kamar yana sauri, yana duba waya, yana katse ka.

Mataki na bakwai: ranar ganawa

Ka isa da wuri, domin akwai binciken tsaro a ƙofa, ginin majalisa kuma yana ɓatar da baƙo. Mai yiwuwa ba ɗan majalisar za ka gani ba. Za a fito da wani matashi ko matashiya mai riƙe da littafi da biro, wataƙila ka girme shi, a ce muku ku zauna a wani lungu ko ma ku tsaya a baranda domin ɗakin taro a cike yake. Kada ranka ya sosu. Wannan hadimin shi ne yake karanta ƙudirorin lafiya, shi ne zai rubuta wa mai gidansa taƙaitaccen bayani da shawarar ya sa hannu ko kada ya sa. Ka karɓi katinsa, ka riƙe sunansa.

Minti 15 aka saba bayarwa. Idan ku da yawa ne, ku raba aiki tun a waje: wanda zai buɗe, wanda zai ba da labari, wanda zai yi roƙon, wanda zai yi rubutu. Bayan ka gama minti biyunka, ka yi shiru. Nan ne horonka zai yi maka rana. Ka iya saurare, ka iya tambayar da take buɗe baki, ka iya maimaita wa mutum abin da ya faɗa don ya san an ji shi. Idan hadimin ya ce, “Mai gidana yana da damuwa kan kuɗin,” kada ka yi tsalle ka fara kare kai. Ka ce, “Wane ɓangare na kuɗin ne ya fi damunsa?” Amsar da zai ba ka ta fi duk abin da ka zo da shi daraja, domin ita ce ƙungiyarku take nema ta sani. Sai dai ka tuna ba jinya ka zo yi masa ba, kada ka shiga fassara masa yadda yake ji.

Za a yi maka tambayar da ba ka da amsarta. Ka ce za ka bincika ka aiko, ka rubuta a gabansa. Adadi ɗaya na ƙarya ya isa ya sa ofishin ya daina yarda da kai, da duk wanda zai zo bayanka da irin takardarka.

Za kuma a tambaye ka wa yake adawa. Ka faɗa da gaskiya. A batun faɗaɗa hurumin aiki, sau da yawa wasu ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya ne suke ja, suna cewa horon bai kai ba. A batun biya kuwa kamfanonin inshora ne ko masu tsoron kashe kuɗi. Ka faɗi hujjarsu yadda su da kansu za su yarda ka faɗe ta daidai, sannan ka kawo taka. Zagin wata sana'a a ofishin ɗan majalisa asara ce, domin gobe da su za ku haɗu a kan wani ƙudirin. Masu ba da shawara kan aure da iyali da masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa tare suka shiga Medicare, a doka ɗaya.

Siyasar jam'iyya ka bar ta a ƙofa, haka ma maganar gudunmawar yaƙin neman zaɓe ko kyauta. Ko da ka tsani matsayin mutumin kan abu goma, kan abu ɗaya ka zo.

Mataki na takwas: komawa

A cikin kwana biyu ka aika wa hadimin imel na godiya, ka maimaita lambar ƙudirin, ka haɗa da amsar da ka yi alƙawari. Ka sanar da ƙungiyar sana'arku abin da aka ce maka. Bayan mako uku ko huɗu ka duba jerin masu sa hannu. Idan sunansa ya fito, ka yi godiya, har a bainar jama'a idan da hali. Idan bai fito ba, ka sake tuntuɓa cikin ladabi. Lokacin hutun majalisa wakilai suna komawa mazaɓunsu, ganinsu a ofishin gida ya fi sauƙi, kana ma iya neman shugaban wurin horonka ya gayyace su su zo su ga aiki, a lokacin da babu masu neman taimako a wurin.

Ziyara ɗaya ba ta cika sauya ƙuri'a ba. Abin da ake nema shi ne ranar da wani ƙudirin lafiyar ƙwaƙwalwa ya faɗo kan teburin hadimin, ya tuna akwai wanda zai iya kira.

Ba da bahasi a gaban kwamiti, da abin da yake biyo bayan doka

A majalisun jihohi da yawa kowa yana iya rajista ya yi magana ranar sauraron ra'ayin jama'a. Minti biyu ko uku ake bayarwa, wani wurin da fitila mai nuna lokaci ya ƙare. Ka fara da gaishe da shugaban kwamiti, ka faɗi sunanka da matsayinka kan ƙudirin a jimlar farko, ka miƙa rubutaccen bayani ko da ba a kai kanka ba. Kafin ranar, ka kalli bidiyon zaman da ya gabata don ka ga yadda ake yi.

Sa hannun gwamna ko shugaban ƙasa ba shi ne ƙarshen aiki ba. Bayan dokar Medicare ta wuce, hukumar CMS, mai kula da Medicare da Medicaid, ita ce ta zauna a 2023 ta rubuta ƙa'idojin da suka fayyace wanda ya cancanta da yadda zai yi rajista, ta fitar da daftari, ta buɗe ƙofar sharhi ga jama'a kafin ta kammala. Irin wannan sharhi a shafin regulations.gov ake aikawa, hukumomin lasisi na jihohi su ma suna da nasu lokacin karɓar ra'ayi. Mutane kaɗan ne suke damuwa da wannan mataki, don haka sharhi ɗaya mai ma'ana daga wanda ya san aikin yana da nauyi. Ga ɗalibin da tsayawa gaban jama'a yake firgita shi, nan ne wurin farawa.

Ga malamai masu koyar da wannan

Aikin aji da ya tsaya a “rubuta wasiƙa ga wakilinka” ba ya koyar da abu mai yawa, musamman idan wasiƙar a hannun malami za ta ƙare. Ya fi kyau a shimfiɗa aikin a tsawon zangon karatu: makonnin farko ɗalibi ya zaɓi ƙudiri ya bi sawunsa, a tsakiya ya rubuta shafi ɗayansa a gwada ganawa a aji, wani ya zama hadimi mai gaggawa, wani ya zama mai adawa, sannan a je ganawa ta gaske, ko a haɗa ta da ranar da reshen ƙungiyar jiha yake kai mambobinsa majalisa. A ƙarshe ya rubuta abin da aka tambaye shi da abin da ya kasa amsawa.

Maki a kan ingancin shiri za a ba shi, da daidaiton alƙaluma, da kiyaye sirri, da ko ya koma bayan ganawar. Matsayin da ya ɗauka kada ya shiga lissafi, kada kuma a tilasta wa aji duka su goyi bayan ƙudiri ɗaya. Wani ɗalibin ma yana da dalilin da zai sa ya guji bayyana sunansa a gaban hukuma, kamar wanda yake karatu da bizar ɗalibi. Irin wannan a ba shi zaɓi: ya yi nazarin ƙudirin, ya rubuta takardar da wasu za su kai, ko ya halarci zaman kwamiti ya kawo wa aji rahoton wanda ya yi magana da abin da shugaban kwamitin ya yanke.